Gyaren da ke Kunnen Inna Malama

Ranar Asabar ce, sati biyu kafin azumi, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Tun da hantsi aka share tsakar gidanmu na Unguwar Shanu, aka shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya, aka jera kulolin zoɓo da kunun aya, domin Maman Hanifa, ɗaya daga cikin ɗaliban kakata, za ta kawo haddar izu goma a gaban mata. Kakata, wadda kowa ke kira Inna Malama, ta daɗe tana karantar da matan aure a gidan nan, kuma an san ta da cewa ko wasali ɗaya aka karkatar sai ta ɗaga yatsa. Tana zaune a kan buzunta, ido a lumshe, sai Maman Hanifa ta tsallake aya guda cur. Matan da ke bi da Alƙur'ani suka ɗago kai, suna jiran yatsan nan. Inna Malama ta gyaɗa kai ta ce, "Madalla, ci gaba." Wata baƙuwar malama daga Rafin Guza ta yi gyaran murya, ta ce, "Malama, a yi haƙuri, an baro aya a baya." Ina riƙe da farantin kofuna, na sunkuyar da kai, don na san dalili.

Shekara guda kafin nan, idan ban manta ba, Kawu Sani ya sayo mata na'urar ji, 'yar ƙarama mai launin ƙasa da ake ratayawa a bayan kunne. Yatsunta ba sa iya kama ƙananan abubuwa, saboda haka aikin ya faɗo kaina. Kullum da safe, bayan na ɗebo ruwa na wanke kwanukan koko, kafin in kai niƙa, ni ke goge na'urar, in duba batir, in saka mata, in murɗa 'yar tayar ƙara sauti da ke jikinta zuwa lamba uku. Ina alfahari da aikin. Matsalar ita ce da zarar ta ja ɗankwali ta rufe kunnen, ta ɗora mayafi a kai, sai abin ya fara wani siririn kuka mai tsinke kai. Ɗalibai su riƙa ƙunshe dariya cikin hijabi. Yaran layinmu kuwa, in muna 'yar gala-gala ko carafke a ƙofar gida, sai su toshe hanci su yi "tsiiii", su ce, "Ga jikar mai gyare nan, ku ba ta hanya." Sau biyu na yi dambe a kan wannan.

Wata safiya na gwada mayar da tayar lamba ɗaya. Kukan ya ɗauke ɗif. Na yi ta murna a raina, ina ganin na gyara abin da ya gagari manya. Na ga dai ta fara cewa "Na'am?" fiye da da, tana kuma karkato da kai idan ana karatu, amma na gaya wa kaina tsufa ne. Wajen sati uku ina haka kafin ranar haddar.

Da baƙi suka watse, ta zare na'urar da kanta, ta miƙo mini ta ce, "Sa shi a gwangwani, 'yar nan. Kunnen ya tafi, ba ƙarfe ne zai dawo da shi ba. Ba zan ɗauki alhakin karatun mutane ba." Kafin Sallah ta miƙa makarantar ga wata 'yar ƙanwarta. Ta koma zama a ƙofar ɗaki tana jan carbi, ana karatu taku biyar daga inda take. Na yi niyyar faɗa mata ba sau ɗaya ba, tsoro ya hana ni, har ta rasu ina sakandare.

Sai a shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanta injiniyan lantarki, na fahimci abin. Sautin da na'urar ta ƙara wa ƙarfi yana sulalowa daga kunne, ɗankwali ya mayar da shi cikin makirfo, a sake ƙara masa ƙarfi, ya yi ta zagaye har ya zama kuka, irin na lasifikar masallaci idan ladan ya matso kusa da ita. Na'urorin yanzu suna da wata dabarar tace sauti da ke koyon hanyar da sautin ke bi ya dawo, ta ƙirƙiri kwatankwacinsa ta cire shi, kuma in an ja mayafi hanyar ta canja, ta sake koyo nan take, ba tare da ta rage muryar mai magana ba. Ba zan ce ba ta kuskure ba, amma tana ƙoƙari. Malaminmu ya ƙara da cewa da yawa daga masu irin wannan lalura ba sa jin siririn kukan sam. Wataƙila ke nan Inna Malama ba ta taɓa jin gyaren ba, ba ta kuma san abin da ake wa dariya ba.

Da na zo hutu na samu Umma tana tsince shinkafa, na gaya mata komai. Ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ai mun ga kina murɗawa. Mu ma kukan ya ishe mu." Na ce, "Umma, kun sani kuka bari ta ajiye makaranta?" Hannunta ya tsaya a cikin tire. Can ta ce, "Mun ɗauka hutu ne ya zo mata."

Yanzu ina ganin tsofaffi a Babbar Kasuwa da na'urori ƙanana da ƙyar ake hango su, suna ciniki a ƙarƙashin hula da mayafi, babu ko ƙis. Nakan tsaya ina kallonsu fiye da yadda ya kamata. A gidanmu kunnuwa masu lafiya sun fi goma, kuma mu aka sama wa sauƙi, ba ita ba.