Ajuji, Sunan Dada

Sunan mahaifiyata Ajuji. Mai dariya ya yi yanzu ya gama, ni na saba. Tun ina firamare a Jimeta yara ke tare ni a hanya suna ce mini 'yar bola, ni kuwa in tuɓe takalmi in bi su da shi har ƙofar gidajensu. A gida Dada muke ce mata, yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Fulani ke kiran uwayensu. Har na yi aure na haihu bakina bai taɓa furta sunanta ba, domin a gidanmu ɗa ba ya kiran sunan uwarsa ko da wasa.

Ga yadda ta samo shi. Kakarmu ta yi ta haihuwa tana binnewa, har mata suka daina yi mata barka da ƙarfi. Da aka haifi Dada, tsofaffin unguwa suka ɗauke ta suka kwantar a kan juji bayan gida, wata maƙwabciya ta zo ta ɗauka tana shelar ta tsinci 'ya, wai don mutuwa ta ga abin yarwa ne ta wuce. Ranar suna liman ya raɗa mata A'isha, aka yanka rago, sunan ya ƙare tare da naman. Mijinta, ƙawayenta, masu sayen daddawarta a kasuwa, kowa Ajuji ya sani. Ita ma in ta je wuri aka tambaye ta, haka take faɗa kanta a miƙe.

Ƙanena ne sunan ke ci wa rai. Ma'aikacin gwamnati ne, yana da mota da gida a Demsawo, kuma tun da ya fara sa takalmi sau-ciki ya sauya wa uwarmu suna. In zancenta ya taso a gaban abokansa sai ka ji “Hajiya A'isha”. Hajiya! Matar da tafiyarta mafi nisa a duniya Mubi ce.

Mubin ce kuwa ta kusa cinye mana ita. Bayan rasuwar mahaifinmu ta koma can wajen ƙanwarta, tana can masu bindiga suka shiga garin. Ƙanwar ta tsallaka Kamaru da 'ya'yanta, a cikin gudun suka rabu da Dada. Mutane suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa, wasu a bayan manyan motoci, ana sauke su a makarantu da masallatai da gidajen duk wanda ke da fili. Dada ba ta da waya. Ni abinci ma ya daina wuce mini wuya.

Ƙanena ya ce in zauna a gida, nema aikin maza ne. Kullum ya fita da safe da hotonta na ranar bikinsa, wanda aka ɗaura mata gwaggwaro aka shafe mata fuska da hoda har ni kaina sai na ƙura ido nake gane ta. Ya dawo da yamma ya ce an nuna masa tsofaffi masu suna A'isha har ya gaji, babu ita. Na tambaye shi ko yana faɗa musu sunanta na gaskiya. Ya ce ai shi yake faɗa.

Da haƙurina ya ƙare, na riga shi shiga motar da safe na ce sai dai ya fitar da ni da ƙarfi. Muka tsallaka gada muka nufi wata makarantar firamare gaba da Sangere. Tun a hanya yake ce mini ɓata mai ne kawai, ya riga ya zo nan. Filin makarantar cike da mata da yara da ƙullin kaya, ga hayaƙin murhu ko'ina. Ya tsaya da farar shaddarsa yana bin mutane a hankali: “Don Allah ko kun ga wata Hajiya A'isha daga Mubi?” Tsofaffi suka yi ta ɗago kai, kowace da fatan nata ne suka zo.

Na ja hannun rigarsa na ce, “Ka faɗa musu sunanta.”

Ya ce, “Haba Adda,” wato yaya da Fulatanci, “a gaban mutane?”

Wallahi da a gida ne da na mare shi. Na shiga tsakiyar filin, na buɗe baki na kwarara kira: “Ajuji! Ajuji!” Na ji kunya kamar in nutse, amma ban daina ba.

Wata mata da ke wanke tukunya ta miƙe ta ce da gurguwar Hausarta, “Ajuji? Tsoho nan da ƙafa ya kumbura? Tare muka shigo daji da shi. Yana ajin ƙarshe can, bai iya tashi.”

Muka same ta kwance a kan buhu, ƙafafunta naɗe da tsumma, ta rame ta yi baƙi, babu abin da ya haɗa ta da matar da ke cikin hoton nan. Ta buɗe ido ta dube ni, maganar farko da ta yi ita ce, “Wace marar kunya ce ke kiran sunana a waje?” Na faɗi a kanta ina kuka ina dariya. Can a mota take ba mu labari cewa kwanakin baya ta ji wani bawan Allah ta taga yana cigiyar Hajiya A'isha, muryarsa kamar ta ɗanta, har ta yi masa addu'a Allah ya haɗa shi da uwarsa. Ƙanena ya riƙe sitiyari yana kallon titi.

Na ɗauka wannan ya ishe shi darasi. Dada ta ƙara shekaru a ɗakina, ƙafar ba ta koma daidai ba, a hannuna ta cika. Bara waccan, matar ƙanena ta haifi mace, ya kira ni da kansa ya ce, “Adda, an mayar da Dada.” Na yi kuka don daɗi. Ni tela ce, na ture ɗinkin mutane gefe na zauna na ɗinka wa jaririya riguna kala-kala. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, in sake jin ana kiran sunan nan a tsakar gida wani ya amsa.

Ranar suna aka raɗa A'isha. Ban damu ba, ai Dada ma haka aka yi mata. Da na shiga wajen mata na karɓi yarinyar, na ce, “Sannu da zuwa, Ajuji.” Sai ƙannen maijego suka fashe da dariya har da tafawa. Ɗaya ta ce, “Goggo, wannan suna ne ko zagi?” Waɗannan fa su ne masu 'ya'ya Afnan da Nihal da wasu sunayen da suka tsinto a waya, ka tambaye su ma'ana su ce bari su duba.

Maijego ta gyara zama ta ce, “Adda, gaskiya ba zai yiwu ba. In ta shiga sukul dariya za a yi mata. Sunanta A'isha, Ummi za mu riƙa ce mata. A'isha ai shi ne sunan Dada.”

Na ce, “Sau biyu kin faɗe shi yanzu ko gezau ba ki yi ba. Da sunan uwar mijinki ne, da bakinki ya iya ɗaukarsa a gaban jama'a?”

Aka kira ƙanena. Ya ja ni soro yana magana ƙasa-ƙasa don kada baƙinsa su ji. Wai sunan camfi ne, aikin jahiliyya, rai da mutuwa na Allah ne, juji ba ya kare kowa. Na ce na san wannan tun kafin a haife shi, ban ce a kai 'yarsa bola ba. Sunan nan shi kaɗai ya rage na hawayen kakarmu, kuma da shi aka tsamo uwarmu daga kan buhu, bayan sunan Hajiya da ya laƙaba mata ya bar ta kwance yana wucewa ta bakin taga. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, “Adda, in dai da sunan nan za ki kira 'yata, kada ki ƙara shigo mini gida.” Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na yafa mayafina, na bar musu rigunan, na tari keke na koma gida, ko tuwon sunan ban ci ba.

Ban sake taka gidan ba. Dangi sun yi ta zarya, wai ni ce babba, in yi haƙuri, suna ne kawai. Duk mai faɗin haka ba ya filin makarantar nan ranar. Har yau in na tuna farar shaddar nan da “don Allah ko kun ga” raina ɓaci yake, kuma ban yafe ba tukuna.

Watan jiya aka yi bikin wata 'yar dangi a cikin Yola, ta wajen Njuwa. Ina zaune a kan tabarma sai na hango yarinyar tana tafiya dagwai-dagwai a cikin yara, goshin Dada sak, har da yadda take tura baki. Uwarta ta leƙo daga ɗaki ta kira, “Ummi!” Kusan rabin yaran da ke tsakar gidan suka waiwayo, har da wata budurwa mai rabon ruwa. Na sunkuyar da kai na faɗi ɗaya sunan a hankali, yadda na kusa da ni ma ba za ta ji ba. Babu wadda ta waiwayo.