Mai Fasa Dutse a Bayan Rogo Ruma

Nuruddeen direban tifa yana jiran a loda masa tsakuwa a gindin dutsen da ke bayan Rogo Ruma, idonsa na kan wani dattijo da bai sani ba. Siriri ne, yana jan ƙafar hagu, yatsu uku suka rage a hannun da yake riƙe guduma. Nuruddeen yana raya wa ransa cewa dutse ne ya yi masa wannan aika-aika, kuma da wuya in an ce masa ko sannu.

Jiya aka yi ruwan farko. Dattijon yana durƙushe, yana cusa hannu ƙarƙashin wani falalen dutse, yana fito da laka yana murzawa. Sai ga samari biyar daga birni, riƙe da wayoyi, suna neman hanyar hawa.

"Samari, ku haƙura yau," in ji dattijon. "Ƙasa ta jiƙa, duwatsun sama ba su da mariƙi. In ɗaya ya gangaro, sauran za su biyo shi."

"Baba, mun hau wanda ya fi wannan," in ji ɗayansu. Suna dariya suka wuce.

Dattijon bai sake kiransu ba. Ya goge hannu a rigarsa, ya nuna wa Nuruddeen wani ƙaton dutse da ciyawa ta kewaye.

"Mu huɗu muka yi irin wannan dariyar. Ukun suna ƙarƙashin wancan, shekara goma sha tara ke nan."