Inda Rana Ke Ƙin Faɗuwa

Iya, uwar mahaifina, ba ta yin tatsuniya da rana. Ko da kuka kika zo mata ba za ta yi ba. Cewa take duk wanda ya yi tatsuniya rana na sama zai ɓata a hanya, ya fita neman gidansu ya kasa gane shi. Mu kuwa jikokinta mun yarda da wannan magana kamar yadda muka yarda wuta na ƙona hannu.

Ƙauyenmu yana kusa da Atantane, a ƙasar Mayahi. In an gama girbi, gero ya shiga rumbu, ɗari ya fara taɓa jiki, sai Iya ta riƙa hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba. Mu biyar ne, wani lokaci bakwai in 'ya'yan maƙwabta sun sulalo. Kuma ba ta ba da tatsuniya kyauta. Kowa sai ta tura masa ƙwaryar wake ya ɓare, in hannunki ya tsaya bakinta ma ya tsaya. Ni ce na fi kowa shan faɗa, domin da labari ya yi daɗi sai in saki baki in manta da ƙwarya.

"Ke Rakiya, da baki ake ɓarar wake a gidanku?" haka za ta ce mini. Sannan ta gyara zama ta ce, "To, ku buɗe kunne, ga wata nan tahe." Mu ce, "Ta iso mu gan ta."

Akwai wadda ta fi yawan maimaita mana. Wai wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, zama ya kai su ƙasa mai nisa. Da za su tafi uwarsu ta ba kowacce tafi guda na irin waken gidansu, fari ƙal, mai daɗin da babu irinsa. Da suka isa suka tarar ƙasar duk tsakuwa ce. Ƙanwar ta tona bakin danga ta zuba nata haka nan. Ya fito a wahalce, ta samu abin da bai cika ludayi ba, ta sake shukawa baɗi. Yayar kuwa ta ce ina, waken uwarta ya fi ƙarfin wannan ƙasa. Ta gauraya shi da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, tana jiran ranar da za ta samu gona ta kirki. Shekara ta bi shekara, har ta samu gonar. Ta fasa bakin tulu, ga wake nan lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba.

A nan Iya kan tsaya ta tura kara cikin wuta, don ta ja mana rai.

"Ta shibka, ruwa ya yi, ta yi ta jira. Ko ɗaya bai hito ba. Kyau shina nan, rai babu."

Mu kan tambaye ta, to ƙanwar fa? Ta ce waken ƙanwar ya rikiɗe, ya koma ja-ja, ƙanana, ba kamar na uwarsu ba, amma shi ƙauyen duka ke ci. A lokacin abin da na fahimta kawai shi ne yayar ba ta da wayo, kuma ni ba zan taɓa yin irin wautarta ba.

Yanzu shekarata goma sha huɗu a arewacin Faransa. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, maigidana yana tuƙa bas, muna da 'ya'ya mata biyu, Dije da ƙanwarta Zuwaira. Zamanmu lafiya, alhamdulillahi. Asabar ina dafa tuwo da garin masara, Lahadi muna kiran gida a waya mu yi ta gaisuwa har batir ya ƙare. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ɗan filin lambu da na samu a bayan unguwa, inda nake shuka tumatir da yakuwa da kuɓewa. Kuɓewar nan kullum sai ta ba ni kunya, amma ban daina ba.

Tun Dije na ƙarama take cewa in yi mata labarin garinmu. Matsalar ita ce, a ƙasar nan lokacin hutun lakwal, wato babban hutun makaranta, rana ba ta faɗuwa da wuri. Ƙarfe takwas an kwantar da yara, ita kuwa rana tana nan tsaye a taga ba ta da niyyar tafiya. Sai in ce, "Dije, ba a tatsuniya da rana, mutum ɓata yake. Bari ɗari ya zo." In ɗari ya zo, duhu tun biyar na yamma, amma ni sai tara nake dawowa daga aiki, ƙafafu sun kumbura, yara sun yi barci. In ce a raina sai an yi hutu. Ni da na yi karatu har Tasawa, na hau jirgi, na zauna cikin Turawa, bakina ya ƙi buɗewa saboda maganar tsohuwar da ta rasu tun ina budurwa. Kuma gaskiya ba tsoro kaɗai ba ne. Gani nake tatsuniyar Iya ta fi ƙarfin ɗaki mai fitilar lantarki da yarinya mai rabin Hausa.

Bara Dije ta cika shekara goma sha ɗaya, na lura ta daina tambaya. Wata rana ƙawarta ta zo, ina yanka albasa na ji Dije na gaya mata da Faransanci, ba da fushi ba, wai ita mamanta ba ta san labarai ba. Maganar nan ta soke ni. Na tsaya da wuƙa a hannu, na ga kaina sarai, ni ce yayar nan mai tulu.

Washegari na ja ta lambu, ƙarfe uku na rana. Na miƙa mata kwano ta tsinki yakuwa, na ce, "Buɗe kunne." Ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, "Mama, ai da rana ne." Na ce na gani. Na yi mata tatsuniyar waken, inda Hausarta ta gaza na cike da Faransanci. Sau biyu hannunta ya tsaya, ban ce mata komai ba.

A bas, kan hanyar komawa gida, tana ta yi mini tambayoyi, me ya sa yayar ba ta roƙi ƙanwarta iri ba, mene ne danga, har muka wuce inda za mu sauka. Ta leƙa taga ta kama hannuna. "Mama, mun ɓata!" Muka yi ta dariya har mutane na kallonmu, muka dawo gida a ƙasa.

Na daɗe ina tunanin ko Iya ta san wa take yi wa wannan tatsuniya. Ita da ba ta taɓa wuce Maraɗi ba, ba na jin ta hango ni a nan. Wataƙila dai ta san halin mutum ne, cewa abin da ya fi so shi ya fi ɓoyewa.

Bayan kwana biyu na ji Dije a ɗakinsu tana yi wa Zuwaira labarin, da safe, cikin Faransanci. Tulun ya koma kwalba, dangar ta koma baranda, ta ma ƙara wata kyanwa da ban san daga ina ta fito ba. Na kama mariƙin ƙofa zan shiga in gyara mata. Sai na sake shi, na tsaya a waje na saurara har ta kai ƙarshe.