Shekarar da Jinina Ya Ƙi Tsayawa

Ni baduku ne, ɗan baduku. A zauren gidanmu da ke gindin Dala na buɗe ido na ga mahaifina yana yankan fata, kuma a nan muka ci gaba da zama bayan rasuwarsa, ni da yayana, muna ɗinka jakunkuna da takalma da kuben wuƙa. Mai irin wannan sana'a ba ya ɗaukar yanka a bakin komai. In wuƙa ta taɓa ka, sai ka tsotse yatsan, ka naɗe da ƙyalle, ka ci gaba da aikinka.

A shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki, zaurenmu ya zama majalisa. Rediyo a buɗe tun safe, maƙwabta su cika tabarma ana ta musu kan wanda zai gyara famfo da wanda zai kawo wuta. Ana cikin irin wannan musun ne wata hantsi wuƙa ta zame mini a kan jar fatar akuya, ta ɗan shafi babban yatsana. Na naɗe kamar kullum. Ƙyallen ya jiƙe, na sake wani, shi ma ya jiƙe. Har aka kira azahar jinin nan yana tsattsafowa, ba da ƙarfi ba, amma bai tsaya ba.

Gaskiya ba ranar abin ya fara ba. Na jima ina ganin jini a asawakina. Maiɗakina kuma ta sha nuna mini wasu jajayen ɗigo-ɗigo a ƙwaurina kamar cizon ƙuma, da wani shuɗin tabo a cinya wanda ban san lokacin da na bugu ba. Ni dai cewa nake gajiya ce.

Da labari ya kai wa kawuna, ƙanen mahaifiyata, sai ga shi da yamma daga Ƙofar Ruwa. Wanzami ne, shi ya yi mini askin suna, shi ya yi mini kaciya, kuma tun ina yaro ban taɓa kai kaina ga wani mai aska ba. Ya duba tabon, ya danna da yatsa, ya ce mataccen jini ne ya kwanta, ƙaho ne maganinsa. Muka aje a kan zai zo da zabirarsa bayan Juma'a. Na ji sanyi a raina, domin ban taɓa ganin abin da Kawu ya sa wa hannu ya lalace ba.

Allah bai nufa a yi ƙahon ba. Kafin Juma'ar, ina sujada a masallacin unguwa sai haɓo ya ɓalle mini. Aka fito da ni, aka zuba mini ruwa a ka, aka sa na matse hanci, duk a banza. Yaya bai tsaya shawara da kowa ba, ya tare tasi muka tafi asibiti, rigata duk ta ɓaci.

Suka kwantar da ni. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, har aka soka mini wata allura a ƙugu aka zuƙo ɓargo, wadda har yau in na tuna sai na gyara zama. Abin da ya fi allurar ciwo shi ne jira. A lokacin akwai cutar da mutane ba sa son kiran sunanta sai da raɗa, kuma na san suna gwada ta. Na san suna neman sankarar jini ma. Maiɗakina takan zo da kunu a fulas ta zauna bakin gado, tana ba ni labarin 'yarmu da ta fara tafiya, ni kuwa ina kallon bakinta amma ba na jin abin da take faɗa.

Likitar da ke duba ni mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da yawan magana. Ranar da sakamako ya kammala ta jawo kujera ta zauna, ta ce a kira Yaya da maiɗakina su ji. Ta fara da cewa ba waccan cutar ba ce, ba kuma sankara ba. Na ji Yaya ya sauke numfashi yana hamdala. Sannan ta bayyana cewa a cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi waɗanda aikinsu toshe rauni, su ne ke sa jini ya daskare ya tsaya. Ɓargona yana ƙera su lafiya lau, amma garkuwar jikina, wadda ya kamata ta yaƙi cuta, ta ɗauke su abokan gaba tana cinye su. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, ban riƙe ba sai daga baya.

Na tambaye ta abin da na ci ko na yi har ya jawo wannan.

Ta ce, “Malam, ba abin da ka yi. Ba a ɗaukarsa, ba kuma za ka shafa wa iyalinka ba. Ba zan yi maka alkawarin zai tafi gaba ɗaya ba, amma ana zama da shi, ana aiki, ana tsufa.”

Daga nan ta shiga abubuwan da zan kiyaye. Kada in ƙara shan asfirin ko garin maganin ciwon jiki da muke saya a kanti. Kada in hau acaɓa, domin faɗuwa ɗaya in kai ya bugu tana iya zama babbar magana. In ajiye asawaki mai tauri. In ajiye wuƙa har sai ta ce. Da Yaya ya ambaci maganar ƙaho, sai ta ajiye biro ta dube shi, ta ce a halin da jinina yake ciki, tsaga ko ɗaya kada a kuskura.

Aka sa ni a kan wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, jinin ya fara farfaɗowa, aka sallame ni. Abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne Kawu. Yaya ya ce zai je ya gaya masa, na ce a'a, bakina ya kamata ya ji. Na taka a hankali har Ƙofar Ruwa, na same shi a ƙofar gida yana wasa aska. Bayan gaisuwa na faɗa masa duk abin da likita ta ce, ban rage ba. Ya dakata da wasa askar. Na ga abin ya sosa masa rai, mutumin da ya tsufa ana kawo masa jiki ana godiya, yau ɗan 'yar'uwarsa ya zo yana ce masa a dakata.

Can ya ce, “Har aski?”

Na ce, “Har aski, Kawu. Sai jinin ya ƙaru.”

Ya mai da askar cikin zabira, ya ce Allah Ya ba da lafiya, ya shiga gida. Na kamo hanyar gida. Amma ranar da ya saba zuwa yi mini aski sai ga shi a zaure, ya zaro sabon almakashi daga aljihu, ya ce in zauna. Ya rage mini suma a hankali, yana mita wai wannan ba aski ba ne, sausaya ce. Ko kusa da fata bai kai ƙarfen ba. Da ya gama ya sa hannu a kaina ya yi addu'a mai tsawo.

Maganin ya zo da nasa hali. Yunwa ta sako ni gaba, in cinye tuwona in leƙa kwanon Yaya. Barci ya yi ƙaranci, zuciya ta yi kusa, fuskata kuwa ta kumbura ta yi zagaye har hulata ta fara matse ni. 'Yan majalisar zaure suka samu abin yi. Lokacin ana ta raɗe-raɗin waɗanda suka samu shiga a sabuwar gwamnati, sai suka ce ai ni ma kwangila na samu nake ɓoyewa, wannan kumatu ba na baduku ba ne. Wani dattijo maƙwabcinmu har ya ja ni gefe da gaske, ya ce in akwai hanya in tuna da ɗansa. Na yi dariya har da hawaye, kuma ita ce dariyata ta farko tun da aka kwantar da ni.

Zaman banza ne ya kusa karya ni. Ina zaune ina kallon Yaya yana yanka shi kaɗai, aiki ya taru, hannuna yana ƙaiƙayi. Maiɗakina ce ta kawo mafita. Ta ce likita wuƙa ta hana, ba ta hana alƙalami ba, kuma ta sha ganina ina zane a bayan fata in ina hira. Sai na koma fitar da zane da shafa launi, Yaya yana yanka. Da na samu lokacin zama da tunani, na fara fito da fasalin da ba mu taɓa yi ba. Na zana wata jakar makaranta mai aljihu biyu da maɗauri mai faɗi wanda ba ya cin kafaɗa, domin na lura yadda yaran unguwa ke tafiya a karkace da littattafai a leda. Muka ɗinka kaɗan muka rataye a bakin zaure. Kafin a koma makaranta iyaye suna zuwa har daga wajen Ƙofar Nassarawa suna tambayar jakar. Yaya, wanda ba ya yabon mutum a gabansa, ya ce da ma tuntuni aka ƙwace mini wuƙar.

Ba a tafi a miƙe ba. Da likita ta fara rage maganin, wata safiya ina alwala na ga ɗigo-ɗigon nan sun dawo a ƙafata. Na zauna a kan kujerar tsakar gida na kasa tashi. Maiɗakina ta zo ta duba, ta shiga ta ɗauko mayafinta da katin asibiti. A hanya na ce mata na gaji, wataƙila haka zan ƙare, ana ɗiban jinina kamar rijiya.

Ta ce, “Malam, wancan karon a tasi aka kai ka, riga duk jini, ba mu san me ke damunka ba. Yau da ƙafarka za ka, kuma kai ka gano shi kafin ya gano ka.”

Maganar ta zauna mini. Likita ma ba ta nuna firgita ba. Ta ce hakan yana faruwa, ta mai da maganin sama, ta ce wannan karon za mu sauko a hankali ƙwarai. Ta ambaci cewa in ya ƙi, akwai aikin cire saifa, amma ba mu kai can ba tukuna. Na fita da niyyar ba zan tsallake ƙwaya ko ɗaya ba, ba zan kuma fasa ranar asibiti ba ko da kasuwa ta buɗe. Na koyi duba dasashina a madubi kowace safiya, kamar yadda ake duba fata kafin a saya. Na daina ɓoye ciwon. Duk wanda ya tambaya sai in yi masa bayani da bakin da na fahimta, har 'yan majalisa suka koma kirana likitan zaure.

Azumi ya zo, na tambayi likita, ta yarda in riƙa shan maganin da sahur bayan na ci abinci sosai. Na kai azumina har ƙarshe. Bayan salla aka auna, lambar ƙwayoyin jinin ta hau. Aka rage magani, ta tsaya. Aka sake ragewa, ba ta sauko ba. Kumburin fuska ya sace, hulata ta koma daidai. Wata rana likita ta ce in koma ga wuƙata, amma in sa abin kariya a yatsa, sai Yaya ya ɗinka mini ɗan kube na fata mai kauri, irin wanda har yau masu koyon aiki a zaurenmu suke sawa.

Ranar da ta ce in ajiye maganin gaba ɗaya, sai dai in riƙa leƙowa jefi-jefi ana dubawa, ban hau mota ba. Da ƙafa na ratso gari, hadarin farkon damina yana haɗuwa, iska tana kaɗa rumfunan masu kayan miya. Na tsaya na sayi mangwaro cike da leda. Duk wanda na sani a hanya sai na tsaya mun gaisa, har wani ya tambaye ni ko haihuwa aka yi mini.

Na shiga gida da sauri ina sallama, ban lura da turmin da aka bari a bakin ƙofa ba. Na kai masa ƙwauri da ƙarfi, har mangwaron ya watse a tsakar gida. Maiɗakina ta fito a guje, ta durƙusa tana duba ƙafar, fuskarta ta sauya. Na gaya mata abin da likita ta ce, amma ba ta saki ranta ba, ta ce sai mun ga abin da gari zai waye da shi.

Da safe ita ta fara ɗaga ƙafar wandona. Wurin ya ɗan tasa, da ɗan tabo wanda bai kai girman kwabo ba, irin wanda kowane mai gaggawa yake samu in ya yi karo da turmi. Ta danna, na ce da zafi. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, 'yarmu ta zo ta faɗa jikinta tana taya ta ba tare da ta san dalili ba.

Da ta nutsu sai ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce tunda haka ne hutu ya ƙare, in ɗauke turmin in kai shi madafa, sannan ga randa babu ruwa. Na ɗauke shi da hannu biyu na kai, na dawo na ɗauki bokiti.