Tsuntsun da Yake Tsayawa a Iska

Shekarun baya, lokacin da rumfata take unguwar Kakuri a Kaduna, kusa da tsohuwar masaƙa, zane nake yi a jikin motoci. Duk direban da ya kawo tifa, tambaya ɗaya nake yi masa: zaki ko mikiya? Mikiyar nan a hannun maigidana na koye ta, shi ma a hannun nasa maigidan. Ban taɓa ganin mikiya da idona ba, kuma hakan bai taɓa damuna ba.

Wata safiya wani dattijo direban tifa ya zo. Mutumin Kudancin Kaduna ne, a Mahuta yake zaune, yashi yake ɗebowa daga bakin kogi. Na yi masa tambayar da na saba, ya girgiza kai.

"Malam, ba zaki, ba mikiya. Akwai wani ɗan tsuntsu a bakin ruwa, fari da baƙi, mai dogon baki. Yakan tashi ya tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare, sannan ya faɗo ruwa ya ɗauki kifi. Tun ina jan tirela zuwa Kamaru nake ganinsa a gadoji. Shi nake so a bayan motata."

"Baba, yaya sunansa?"

"Ina zan sani? Ni da shi gaisuwa kawai muke yi."

Na ce ya bar motar ya dawo jibi. Na ɗauko mikiyata, na rage mata jiki, na ja mata baki, na yayyafa mata fari da baƙi. Da ya dawo, ya tsaya a bayan motar, ya cire hula ya sosa kai.

"Malam, wannan ai zabuwa ce ta ji tsoro."

Masu facin taya da ke gefena suka fashe da dariya. Shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce in ba zan iya ba in faɗa masa, akwai mai zane a Makera. Na san mutumin, tare muka yi koyo. Idan motar nan ta je wurinsa ya shafe aikina, kafin mako ya zagayo duk direbobin yashi sun ji labari, kuma su ne masu kawo mini aiki. Na roƙi Baba ya ci gaba da aikinsa, ya ba ni zuwa ƙarshen mako.

Na tafi Barnawa wurin abokina mai ɗaukar hoton biki da suna, na roƙe shi ya ɗauko mini hoton tsuntsun. Ya ce wannan ƙaramin aiki ne, shi da ya iya tara dangin ango da na amarya a hoto guda. Washegari ya fito cikin farar shadda yana ƙamshin turare. Ni ma na sa kaftanina na Juma'a, don tun da nake ban taɓa zuwa wurin ɗaukar hoto da kayan aiki ba. Muna gangarawa bakin kogi masu ɗiban yashi suka dakata da shebur.

"Oga, waye angon?" in ji ɗaya daga cikinsu.

Tun daga nesa tsuntsayen bakin ruwa suka hango mu suka watse, har belbelar da ba ta gudun shanu. Da wani tsuntsu ya sauka a kan reshe, abokina ya ɗaga kyamara ya yi masa fito, ya ce, "Kalli nan!" Ya saba da mutane. Muka koma gida da laka a bakin wando.

Kashegari muka sa tsofaffin kaya, muka zauna a gindin ciyawa, muka yi shiru. Zama ba ya ba ni wahala, mai jiran fenti ya bushe ya saba. Rana ta fara zafi sai ga tsuntsun Baba. Ya taso daga ɗaya gaɓar, ya zo saitinmu, ya tsaya. Wallahi tsayawa ya yi. Babu reshe, babu waya, iska ce kawai a ƙarƙashinsa. Na manta da Baba, na manta da motar. Abin da nake tambayar kaina shi ne, me yake takawa? Sai ya dunƙule ya faɗa ruwa, ya fito da ɗan kifi yana sheƙi.

Abokina ya yi ta dannawa. Da muka duba, sai ya yi tsaki. A kowane hoto fukafukan sun zama hayaƙi, ba a gane gashi ko ɗaya.

"Duk sun lalace. Amarya mai kunya ma ta fi wannan tsayawa."

Ya fara gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ina leƙe ta kafaɗarsa sai na riƙe masa hannu.

"Dakata. Koma baya. Ƙara komawa."

A dukkan hotunan da yake kira lalatattu, kan tsuntsun ya fito tas. Ido, baki, baƙin layin da ya ratsa fuskar, duk a wuri ɗaya, suna kallon ruwa. Jikin ne yake ta fama, kan ko gezau. Na ce ya wanke mini ɗaya a haka. Ya ce kada in faɗa wa kowa shi ya ɗauka.

Ranar Asabar Baba ya kawo motar. Na shafe zabuwar. Na zana kan da ƙaramin burushi, a hankali, har ɗigon haske a ido. Da na zo kan fukafukai, na zuba fari da baƙi, tun fentin bai bushe ba na sa tsumma na share shi sama da ƙasa. Da maigidana yana raye ya ga na goga tsumma a ɗanyen fenti, da ya kore ni daga rumfar.

Baba ya dawo da yamma. Ya ja da baya har tsakiyar titi, wani mai keke yana yi masa hon, bai ko waiwaya ba. Masu facin taya sun taru suna jiran abin dariya.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu ya tsaya."

Na tambaye shi me ya sa duk tsuntsayen duniya sai wannan. Ya buga jikin tifar da tafin hannu.

"Malam, ka taɓa jan wannan da lodi a gangaren kogi? Komai rawa yake yi, sitiyari, kujera, har haƙoranka. Kai ne kawai ba ka da izinin rawa."

Tun daga ranar nakan koma bakin ruwa da guntun katako da fensir, in zana abin da ya sauka a gabana. Wasu sukan yi kyau, wasu matata takan tambaya ko kaza ce. A nan ne kuma na fara lura da rubutun da nake yi a jikin motoci. Shekaru ina kwaikwayon haruffan da direbobi suke rubuto mini a takarda, suna fita da kyau, ban san me suke cewa ba. Abin ya fara cina, har na shiga ajin manya na yamma, da furfurata.

Wannan labarin da hannuna na rubuta shi. Ya ɗauke ni lokaci, kuma har yanzu hannun yakan yi rawa idan kalma ta yi tsawo. Nakan bar shi ya yi rawarsa, in tsayar da ido a kan layin.