Yaya Sa'idu da Manoman Kwari

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Sa'idu, kuma har yanzu idan na sauka kwarin da ke bayan Ankara sai in ji kamar zan tarar da shi a bakin rafi.

Tare muka koro shanu daga Salaga. Hanya ta cinye su, mahautan Zangon Ankara suka duba suka ce ba mai saye sai sun yi ƙiba. Yaya ya yi ta yawo har ya samo wannan kwari. A lokacin daji ne, sai 'yan gonakin rogo da masara na mutanen ƙabilar Ga. Muka roƙi wuri, suka ba mu gefe.

A damina ta biyu shanunmu suka faɗa gonar wani dattijo, Ata Kwai, suka cinye masararsa tana gab da nuna. Mutanen ƙauye suka taru da adduna, suka ce mu tashi. Ni na fara naɗe tabarma. Yaya kuwa ya ajiye sandarsa, ya je ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, shanuna ne suka yi ɓarnar. Abin da ka yanke na karɓa."

Tsohon ya nuna tsohuwar makwantar shanunmu, inda masara ta fi mutum tsayi.

"Ɗana, kafin girbi ka tsare su a hayin rafi. Bayan girbi ka kawo su su kwana a gonata."

Haka aka yi, sauran manoma ma suka nemi a kai musu.

Yau da Yaya zai dawo, zai yi faɗa kan yadda aka sare itatuwan bakin ruwa. Amma na san zai yi murmushi idan ya ga jikokin Ata Kwai suna tatsar nono, 'ya'yanmu kuma suna noman rogo suna ciniki da harshen Ga.

Bai bar dukiya mai yawa ba. Da ya rasu, manoman ne suka ba mu wurin binne shi a gefen gona. Ba addininmu ɗaya ba, amma duk damina suna nome ciyawar kabarinsa, kuma ban taɓa roƙonsu ba. Allah ya jiƙan Yaya.