Emeka da Gardamar Gadon Ƙarfe

Damina ashirin ke nan da rasuwar abokina Emeka, mai shagon kayan keke da babur a bakin tashar Funtuwa. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu mai nauyi a kansa, sai in tarar abin da ke fara zuwa mini shi ne wata gardama da aka tafka a cikin motar haya, kiya-kiya, kan wani fim ɗin Indiya na ban dariya. Bana dai na haƙura, ita zan ba ku.

A Funtuwa aka haifi Emeka. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne daga Gabas, ya tafi da iyalinsa lokacin yaƙin basasa, da aka gama suka dawo suka sake ɗaga shagon. Ni kuwa malamin firamare ne a Tsiga, ba ni da yawan magana. Shi ko in ya buɗe baki har masu dako sukan ajiye buhu su saurara. Gyaran kekena ya haɗa mu, silima ta ƙulla abotar, don duk Asabar sai ya ja ni.

Fim ɗin da nake magana labarin wani tela ne siriri, marowaci, mai ɗaure fuska, da aka ba shi amanar kai gadon ƙarfe na auren ƙanwarsa wani gari mai nisa. Bai sami mota ba sai tsohuwar akori-kurar wani ƙaton ɗan kokawa mai waƙa da babbar murya. Tela na son tsari, ƙato na son hira da kowa. Suka ɓata hanya, akuya ta cinye musu katifa, gadon ya faɗa kogi suka tsamo shi a lanƙwashe. A ƙarshe suka isa an riga an watse daga biki. A wata mararraba tela ya sauka, ya faɗi wata magana gajera, ƙato ya ja motarsa, fim ya ƙare. Ba wanda ke jin Indiyanci a cikinmu, don haka kowa ya fita da tasa fassarar.

Samarin gari ba su so shi ba. Suka ce wane irin fim ne ba bos, ba faɗa, rawar ma ba ta taka kara ta karya ba. Direbobi kuwa sai da suka sa aka maimaita shi, don sun ce ba a taɓa nuna wahalar hanya da gaskiya haka ba. Teloli suka ji haushi wai an mai da su marowata.

Ranar wata kasuwa muka shiga motar Malumfashi, Emeka zai kai wa wani mai gyara kaya, ni na raka shi. Ba mu wuce Bakori ba aka ɗauko zancen. Wani Alhaji Mamman, dillalin hatsi da ke gidan gaba, ya juyo ya ce, “Ni ban ga abin musu ba. Hanya ce ta haɗa su, hanya ta ƙare, kowa ya koma cikin danginsa. Telan nan ce masa ya yi, na gode, sai wata rana. Haka zaman duniya yake.”

Mama Sikira, Bayarabiya mai sayar da kwanuka, tana rungume da kayanta a baya. Ba ta taɓa shiga silima ba, ’ya’yanta ne suka ba ta labari, amma hakan bai hana ta ba. “Alhaji, ba haka ba ne. Mutumin da kuka shiga ruwa tare don gadon ƙanwarka, sai wata rana za ka ce masa? Kwatancen gidansa ya yi masa.”

Mota ta kaure. Direba ya goyi bayan Mama Sikira har yana sakin sitiyari. Ni abin da ya dame ni shi ne Emeka, wanda ya fi kowa iya kwaikwayon ƙaton, bai ce uffan ba tun daga tasha. Can sai ya ɗan matsa gaba ya ce, “Alhaji, in ce kowa ya koma cikin danginsa ko? To wanda aka haifa a kan hanyar fa, ina zai koma?”

Alhaji Mamman ya dube shi, ya gane ba zancen fim ake yi ba. Sai ya ce, “Ɗana, wannan sai ya tambayi inda ake nemansa in bai fito da safe ba.”

A Malumfashi, muna cin tuwon masara a wata rumfa, Emeka ya faɗa mini abin da ke damunsa. Mahaifinsa ya tsufa, yana son ya koma gida gaba ɗaya, kuma ya ce Emeka ya rufe shago ya biyo shi, an ma samo masa mata a can. “Malam,” in ji shi, “garin nan da suke cewa namu, in na je baƙo nake. Ko mafarki da Hausa nake yi. Amma uba ne.” Na ce masa kawai ya kai tsoho gida da hannunsa, sauran Allah zai nuna masa.

Ya tafi ana shuka. Aka yi noma, aka yi girbi, shago na kulle, na daina bi ta bakin tasha don kada in gan shi. Sai lokacin da motocin auduga suka fara layi, wata rana ina tura kekena da faci, na jiyo wata murya tana yi wa mai lemo tsiya. Emeka ne, ya dawo da amaryarsa Ngozi da albarkar mahaifinsa. Bai sake barin Funtuwa ba, kuma a nan aka binne shi kamar yadda ya roƙa, mu Musulmi muna tsaye gefe guda har aka gama addu’o’insu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Silimar ta zama sito, masara ake jibgewa a inda muke zama. Jikokina na kallon fina-finan Indiya a waya, an fassara musu kowace kalma da Hausa. Na san zai yi murna da fassarar, amma zai tambaya, to yanzu a kan me za a yi musu? Hanyar Malumfashi da muke bi ba fargaba, yau sai mutum ya tambayi labarinta kafin ya hau. Wannan kam zai ɓata masa rai, ko da yake na tabbata da shi za a riƙa shiga motar farko.

Bai bar dukiya mai yawa ba. Shagon na nan, ɗansa Chidi ke riƙe da shi. Da Chidi ya tashi aure, ya zo har gida ya durƙusa ya ce ni zan zauna a mazaunin mahaifinsa. Haka na yi doguwar tafiya zuwa Gabas karo na farko a rayuwata, da babbar rigata, na zauna cikin dattawan da ba na jin ko kalma ɗaya ta bakinsu. Wani tsoho ya nuna ni ya tambayi ko wane ne. Chidi ya manta inda yake, ya amsa da Hausa: “Wan babana ne.” Sai da mahaifiyarsa ta taɓa shi ya tuna ya fassara musu. Tsohon ya miƙe, ya ɗauko goron da aka ajiye wa dangin ango, ya sa a hannuna.